Kwalbar da Ta Ƙare Ba Shara Ba Ce

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, shugabanni da 'yan'uwa na Tudu, Nima da Maamobi, da baƙinmu da suka tsallako ta Aflao, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana.

Yau muna so mu yi magana a kan ƙaramin abu: kwalbar mayonis, ta zuma ko ta shito, wadda muke jefarwa in ta ƙare. Dalilin maganar shi ne kayan rabon biki. Kowa a nan ya san gidan da ya ci bashi saboda aure ko suna, don kada a ce bai raba komai ba. Yawancin robobi da kofunan da muke rabawa daga waje ake shigo da su, farashinsu kuwa dala yake bi. Ba mu manta da Disambar 2022 ba, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100. Ciniki ya ja baya, amma biki bai tsaya ba.

Kwalba kuwa tana nan a gidajenmu kyauta. A jiƙa ta a ruwan ɗumi har takardar jikinta ta saki, a wanke da sabulu, a tafasa, a kife ta bushe sarai. Sai a zuba turaren wuta, ko dabino, ko soyayyar gyaɗa, ko yajin jego in suna ne. A rufe marfin da ƙyallen atamfar ankon bikin, wanda tela zai ba mu daga ragowar yanka, a ɗaure da zare. Wadda ba ta da marfi a sa mata ɗan yashi da kyandir, ta ƙawata teburin amarya da dare.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba wasa a cikinsa: kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadari ba a zuba mata abin ci, kome wankin da ta sha. Marfi mai tsatsa ma a canza shi.

Kada wani ya ga kamar talauci ne. Mutanen Krobo, a Odumase da Somanya, suna daka fasassun kwalabe su zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su tsaya da ɗan karan rogo a tsakiya. In an gasa, karan ya ƙone ya bar ƙofar zare, dutsen wuya ya fito. Su ne ake baje wa a kasuwar Koforidua kowace Alhamis, Turawa na saye suna kai wa ƙasashensu. A Bida ta ƙasar Nufe, masaga sun daɗe suna narka kwalabe suna ƙera awarwaro. Abin da muke zubarwa a kwata, jarin wasu ne.

Don haka ga roƙonmu. Kowane shago ya ajiye kwali ɗaya na tara kwalabe, matan ƙungiya su riƙa karɓa suna tacewa. Bikin farko da ya taso a cikinmu, mu gwada a kansa, mu lissafa abin da ya ragu a aljihun uwar amarya. In lissafin ya yi daɗi, ga sana'a 'ya'yanmu mata sun samu.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kiyaye masu hanya, ya maimaita mana.