Jawabi Kan Tallafin Gwamnati Ga Mata Masu Renon Yara: Labarin Ƙasar Kolombiya



Jawabin wannan wata a kan renon yara ne, da yadda wata gwamnati ta sa kuɗinta a ciki. Ƙasar ita ce Kolombiya. Tana can Kudancin Amurka, mutanenta da yawa manoma ne, suna noman gahawa da ayaba da rake.

Matsalarsu sananniya ce ga kowane ɗan karkara. Uwa za ta fita aiki, ga ƙaramin yaro, ba mai kula da shi. Ko ta bar shi da yayarsa, yarinyar ta rasa makaranta, ko ita uwar ta zauna a gida, abin sa wa a tukunya ya ragu.

A ƙarshen shekarar 1986 gwamnatin ƙasar ta amince da wani shiri, aka fara aiki da shi a 1987. Hukumar kula da jin daɗin iyali, wadda ake kira ICBF, ita ta riƙe shi. Gwamnati ba ta gina sababbin gine-gine ba. Iyayen yara na unguwa ko ƙauye su ne suke kafa ƙungiya, su zaɓi mace ɗaya da suka yarda da halinta. Sai a ba ta horo, ta riƙa karɓar yara har 15, waɗanda ba su kai shekara 7 ba, a cikin gidanta, daga Litinin zuwa Juma'a. Suna kiranta uwar unguwa.

To, ina kuɗin gwamnati ya shiga? An ba matan rance don su gyara gida: a yi daɓe, a gyara madafa da makewayi. Hukuma tana aika kuɗin abinci ta hannun ƙungiyar iyaye. Yaro yana samun abincin rana da ɗan abin taɓawa, ga kuma wani garin kunu mai gina jiki, wanda akwai waken suya da madara a cikinsa. Iyaye kuma suna biyan wani ɗan abu kowane wata. Kuɗin hukumar ya fito ne daga haraji. A 1988 aka yi doka cewa masu ɗaukar ma'aikata su biya kashi 3 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya.

Abin ya karɓu ƙwarai. Gidajen reno sun kai wajen 80,000, yaran cikinsu sun kai kimanin miliyan 1. Masu bincike da suka auna yaran karkara sun ga waɗanda suka zauna a gidajen reno sun fi takwarorinsu tsawo, iyayensu mata kuma sun fi samun fita aiki.

Amma fa akwai inda aka ƙwari matan nan, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a saurara da kyau. Gwamnati ta ɗauke su a matsayin 'yan sa-kai, ba ma'aikata ba. Abin da ake ba su kowane wata bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasar ba. Mace ta wuni da yara 15, ta dafa, ta wanke, ta rarrashi mai kuka, gidanta ne yake tsufa, amma a ce ba aiki take yi ba! Arahar da ake yabon shirin da ita, gumin matan nan ne ya biya ta.

Matan ba su yi shiru ba. Sun haɗa kai, sun yi zanga-zanga, sun kai ƙara. A 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce a gyara. Daga 2014 aka fara ba su takardar ɗaukar aiki da cikakken mafi ƙarancin albashi, shekara 27 bayan fara shirin. Waɗanda suka tsufa a cikin aikin kafin lokacin kuwa, sai da suka sake komawa kotu neman fanshonsu na shekarun baya.