Malamin da ya mayar da gidansa kamfanin buga littattafan tarihi



Da aka nemi in yi magana a kan koyar da tarihi, na fara tsara jawabi a kan manhaja, daga baya na ajiye shi. Kowa a nan ya san abin da manhaja ta ce. Tun da aka dawo da darasin Tarihi makarantunmu bayan shekarun da ya yi a ajiye, abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne littafin da za mu riƙe mu shiga aji da shi. Ni aji biyar nake koyarwa, kuma sau da yawa abin da ke kaina kawai nake rubuta wa yara a allo. Wannan ya sa na zaɓi in kawo muku labarin wani ƙaramin kamfanin ɗab'i na ƙasar Amurka, wanda irin wannan rashi ne ya haife shi, kuma malamin makaranta ne ya kafa shi. Sunan kamfanin Associated Publishers, mai shi kuwa Carter G. Woodson.

An haifi Woodson a jihar Bajiniya a 1875. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duka an haife su cikin bauta. Ya yi aikin gona, ya yi haƙar kwal, bai shiga sakandare ba sai yana da shekara 20. Daga nan ya kama karatu da koyarwa tare, har ya je ƙasar Filifin ya yi aikin malanta, ya dawo ya koyar a wata sakandaren baƙaƙen fata a birnin Washinton. A 1912 ya sami digirin dakta a fannin tarihi daga Jami'ar Harvard, shi ne baƙar fata na biyu da ya sami digirin dakta a can, bayan W. E. B. Du Bois.

A wancan zamani, a jihohin kudancin Amurka da birnin Washinton kansa, doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Littattafan tarihin da ake bai wa yaran baƙaƙe ko dai ba su ambaci kakanninsu ba sam, ko kuwa sun ambace su a matsayin bayi kawai. Woodson ya ga wannan da idonsa a cikin aji. A watan Satumba na 1915, a birnin Shikago, shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin rayuwa da tarihin baƙar fata, a watan Janairu na 1916 kuma ya fitar da mujallarta ta bincike. Kuɗin buga fitowa ta farko, dala 400, rance ya ci a kan inshorar ransa. Duk wanda ya taɓa cin bashin adashe don ya buga takardun jarrabawar ɗalibansa zai fahimci irin wannan mutum.

Mujalla kuwa ta masana ce, yaro ba ya karanta ta. Manyan kamfanonin ɗab'i kuma ba sa marmarin littafin tarihin baƙar fata, domin a ganinsu ba shi da kasuwa. Sai Woodson ya kafa nasa kamfanin a 1921. Littafinsa a kan tarihin cocin baƙaƙen fata ya fito a wannan shekara, a 1922 kuma The Negro in Our History ya biyo baya, wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru. Kalmar Negro da za ku ji a sunayen littattafan nan ita ce wadda su da kansu suke amfani da ita a lokacin, yanzu an daina. A 1922 ɗin ne ya sayi gida mai hawa uku a Titi na Tara a Washinton kan dala 8,000. Ƙasa ofis, sama ɗakin kwanansa. Bai taɓa aure ba, kuma a wannan gida ya rasu ranar 3 ga Afrilu, 1950.

Yanzu bari mu zo kan ma'aikata, domin nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Idan aka ce kamfani, mutum zai zaci ma'aikata ne birjik. Mutane ne 'yan kaɗan, albashinsu kaɗan, aikinsu ba iyaka. Shi kansa mai gidan yakan ɗaure littattafai ya kai gidan waya da ƙafa. A 1925 ya ɗauki wani saurayi mai suna Langston Hughes, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Amurka. Aikinsa shi ne buɗe ofis da safe, shara, ɗaure littattafai, da kuma jera sunaye kimanin 30,000 bisa tsarin abacada, sunayen baƙaƙen magidanta masu 'yanci da aka tsamo daga ƙidayar jama'a ta 1830. Yaron bai daɗe ba. Idanunsa suka gaji, ya bar aikin ya koma kwashe kwanuka a otal. Ban ga laifinsa ba, amma littafin ya fito, kuma masu neman asalin danginsu suna duba shi har yau.

Akwai kuma Lorenzo Greene, matashin masanin tarihi da ya yi wa Woodson aikin bincike, har suka wallafa littafi tare a kan ma'aikata baƙaƙen fata a 1930. A wannan shekara, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuɗi ya yanke, sai Greene ya loda littattafai a mota tare da wasu ɗaliban Jami'ar Howard suka shiga jihohin kudu, suna bin coci-coci, makaranta-makaranta, gida-gida suna talla. Mai ilimi mai zurfi yana ƙwanƙwasa ƙofa da littafi a hammata, a yankin da baƙar fata ba ya samun masauki a otal ɗin farare. Ya rubuta abin da ya gani kullum, aka buga wannan rubutu bayan rasuwarsa. Daga ciki ne muka san cewa Woodson mutum ne mai tsanani, mai wuyar yabo, mai riƙe kuɗi. Ba zan ɓoye wannan ba a gaban 'yan ƙungiyar ƙwadago. Da a reshenmu yake, ina jin da an kawo ƙararsa fiye da sau ɗaya.

Tsananin nan ya jawo masa asara, ko da yake wasu za su ce ya cece shi. A farkon shekarun 1920 gidauniyoyin attajirai irin su Carnegie da Rockefeller sun tallafa wa ƙungiyarsa. Daga baya suka matsa masa ya jingina aikin da wata jami'a, ya ƙi, domin ba ya son wani ya riƙe masa linzami. Zuwa farkon shekarun 1930 tallafin ya ƙafe. Wa ya rage? Talakawan baƙaƙen fata, da coci-coci, da ƙungiyoyin mata, da malaman makaranta.

Tun 1926 ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a watan Fabrairu, wanda aka faɗaɗa ya zama wata guda a 1976. Malamai ne suka ɗauki makon nan a kansu. Su ke rubuto wasiƙa suna neman hotuna da ƙasidu da littattafai, su ke tara ƙananan kuɗi daga ɗalibai da iyaye su aika Washinton. Ganin haka kamfanin ya juya ga yara: Negro Makers of History da African Myths duka sun fito a 1928, African Heroes and Heroines kuma a 1939. A 1937, bisa shawarar Mary McLeod Bethune, wadda ita ma malama ce kuma tana shugabantar ƙungiyar a lokacin, aka fara wata ƙaramar mujalla mai sauƙin harshe domin malamai da ɗalibai, kuma malaman makarantun Washinton suna cikin masu rubuta ta da tace ta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Jane Dabney Shackelford, malamar firamare a garin Terre Haute na jihar Indiyana. Ta nemi littafin da zai dace da 'yan ajinta ta rasa, sai ta zauna ta rubuta nata. Kamfanin Woodson ya buga shi a 1938 da sunan The Child's Story of the Negro. Lois Mailou Jones, malamar zane a Jami'ar Howard, ita ta yi masa hotuna, kamar yadda ta yi wa littattafan kamfanin da dama. Malamar aji ta rubuta, malamar zane ta ƙawata, tsohon malami ya buga, malamai suka saya. Bayan rasuwar Woodson ma kamfanin bai rufe ba. Willie Leanna Miles, wadda ta shiga ofishin a 1943, ta ci gaba da yi masa hidima shekaru masu yawa. Gidan na Titi na Tara yanzu yana hannun gwamnatin Amurka a matsayin wurin tarihi.

Shugaba, ina da roƙo guda kafin in zauna. Na san aƙalla malamai uku a wannan ɗaki da ke da littafin rubutu cike da tarihin garuruwansu, wanda suka ɗauka daga bakin dattawa, wasu daga cikin dattawan ma sun riga mu gidan gaskiya. Nawa yana cikin akwati, gara ta fara taɓa bangonsa. Ina roƙon kwamitin ilimi na reshe ya sa wannan batu cikin ajandar zamanmu na gaba: a tattara rubuce-rubucen, a sami mutum biyu su tantance su tare da masu unguwanni da sauran dattawa, a tambayi maɗaba'a kuɗin kwafi 200 na ɗan littafi mai shafi 40. Zan kawo nawa ranar.