Agogon Ƙidayar Bugun Zuciya: Jawabi Ga Hakimai da Malamansu a Romi

An umurce ni in yi muku bayani a kan wani agogo da ya fara yawa a hannun samari, musamman masu fita gudu da asuba a nan Romi da sauran unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna. Waɗansu suna shirin shiga soja ne ko ɗan sanda, waɗansu kuwa sha'awa ce ta kama su tun da aka yi tseren kilomita 21 cikin garin Kaduna a watan Nuwamba na 2020. Yanzu har dattawa sun fara saye, to, a nan ne maganar ta shafe ku.

Wannan agogo, ban da nuna lokaci, yana ƙidaya bugun zuciyar mai shi cikin kowane minti. Wani kamfani na ƙasar Finlan, Polar, shi ya fara fito da irinsa maras waya a 1982, amma na wancan zamani sai an ɗaura ɗamara a ƙirji. Na yanzu kuwa wata 'yar fitila ce koriya a bayansa ta ke haska fata. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini ya kan ƙaru a jijiya ya shanye hasken, agogo ya ƙidaya.

Baligi mai lafiya, in yana zaune, zuciyarsa ta kan buga tsakanin sau 60 da 100 a minti. In ya tashi gudu sai ta ƙara sauri, amma tana da iyaka. Ga lissafin da aka saba yi: a ɗebe shekarun mutum daga 220. Mai shekara 40, watau, iyakarsa wajen 180 ke nan. Ba a so ya kai can. Motsa jiki na matsakaici shi ne rabin wannan adadi zuwa kashi 70 bisa ɗari, watau daga 90 zuwa 126. In ya wuce 153 ya shiga wahala, sai ya sassauta. Mai shekara 60 kuwa, 80 zuwa 112 ya ishe shi, kuma tafiya da sauri kaɗai ta kan kai shi can. Wannan lissafi kimantawa ce kurum, gama zukata ba ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na irin wannan motsi a mako shi ne mafi ƙaranci ga baligi.

Abin da ya dame mu shi ne, waɗansu sun mai da adadin abin gasa, kowa yana so nasa ya fi na ɗan'uwansa. Wannan wauta ce. Amfanin agogon shi ne ya gaya wa mutum lokacin da zai rage gudu. Alamar ƙarfi ta gaskiya ita ce, bayan 'yan watanni bugun ya ragu in mutum yana hutawa, kuma ya sauka da wuri bayan ya tsaya.

Sa'an nan agogon ya kan yi kuskure. In ya yi sako-sako, ko gumi ya yi yawa, sai ya ba da adadin banza. A ɗaura shi sosai, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. Zafin Maris da Afrilu, da zazzaɓi, da ƙishirwar azumi, har da goro, duk su kan ɗaga bugun. Wanda ba shi da kuɗin agogo kada ya damu: ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ya ƙidaya na daƙiƙa 30, ya ninka biyu.

Abin da mu ke roƙo, ranku ya daɗe, ku sa dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a cewa agogon nan ba ya auna hawan jini yadda asibiti ke yi. Wanda ya haura 40, ko mai ciwon sukari, ko mai shan maganin zuciya, ya je a duba shi kafin ya fara, domin waɗansu magunguna su kan rage bugun, lissafin nan ba zai yi masa daidai ba. Wanda kuwa ya ji ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa, ya tsaya nan take ko da agogo ya nuna lafiya lau, a kai shi asibiti. Malamai, ku rubuta adadin nan yadda na faɗa, ku aika wa shugabannin ƙungiyoyin samari na gundumominku.