Na'urar da ke gadin firjin rigakafi, tana amsa tambaya da baki



Yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Selshiyas. Idan zafi ya haura, ko sanyi ya daskarar da wasunsu, ƙarfinsu ya tafi, kuma ido ba lallai ya gane ba. Wadda ke lura da wannan a ƙaramin asibiti ma'aikaciya ce da hannunta ke cikin safar roba, ga layin mata da goyo suna jira. Ita nake so mu haɗa wa na'ura, ta ce "zafi nawa?" a ba ta amsa ba tare da ta taɓa komai ba.

Aunawar ba wuya. Ma'aunin DS18B20, mai kan ƙarfe da doguwar waya, za a zura shi cikin firjin, kuskurensa bai wuce rabin digiri ba. Wuyar tana wajen murya. Ɗalibai da yawa da Arduino Uno suke farawa, allon da asalin gidansa ya soma a garin Ibriya na Italiya a 2005. To amma ma'ajiyar aikinsa kilobayit 2 ce kacal. Ana ɗebo murya sau 16,000 a daƙiƙa, kowace ɗiba bayit 2, wato bayit 32,000 ke nan. Uno ba zai riƙe ko kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Shi ya sa na fi son ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, mai kilobayit 520, ga Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa.

Hanya biyu ce a gabanmu: ko a tura muryar ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani su fassara, ko allon ya gane ta da kansa. Ni ta biyun nake goyon baya. Ranar da sabis ya ɗauke, ta farko ta kurmance, sannan maganar marasa lafiya ba abin fitarwa daga ɗaki ba ce. Sai dai a rage buri, kalmomi huɗu ko biyar sun isa. Allon yana yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace kamar milidaƙiƙa 30, ya auna kaurinsa da sirantakarsa, ya miƙa wa ɗan tsarin da aka horar ya gane kalmomin. Misalin da ke cikin TensorFlow Lite na ƙananan alluna, mai gane kalmomi biyu na Turanci, bai kai kilobayit 20 ba.

Horarwar ce ke cin lokaci, ɗalibai. Rumbun Common Voice na Mozilla yana da Hausa, amma kalmominku ku za ku naɗa: maza da mata, Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram. Ku naɗa a ɗakin da za a yi aikin, janareta na ruri, jariri na tsala kuka, kuma ku koya wa na'urar cewa wannan hayaniya ce, ba umarni ba.

Tunda murya ba za ta fita ba, saƙon da zai bi iska lambar zafi ce da lokacinta kawai. Ƙa'idar MQTT, wadda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, ta dace da wannan. Inda babu Wi-Fi, a koma rediyon LoRa ko saƙon tes.

Sai batir. ESP32 kan ja sama da miliamfa 200 lokacin aikawa, a barci mai nauyi kuwa kusan maikuroamfa 10. Amma mai sauraro ba ya samun irin wannan barcin. Don haka a raba aikin gida biyu: allon jikin firji ya farka duk minti biyar, ya auna, ya aika, ya koma barci; mai sauraron kuma a jona shi da sola.

Ƙararrawa kada ta jira tambaya, zafi na haura 8 ta buga. Idan allon firji ya yi shiru fiye da kima, shi ma a ɗauke shi matsala, ta buga. Kashe ta kuwa kada a bar wa murya, domin na'urar kan yi kuskuren ji. A sa maɓalli, sai mutum ya taso ya zo gaban firjin ya danna.