Ilimin masu magani a hannun cibiya

A Libreville, babban birnin Gabon, akwai cibiyar IPHAMETRA mai binciken magungunan gargajiya. Aikinta ya dogara da abin da masu magani suka yarda suka faɗa, kuma nan amana take shigowa.

A shekarun 1990 masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka fitar da sinadarin zaƙi, brazzein, daga wani ɗan itace da mutanen Gabon suka daɗe da sani, suka yi masa rajistar mallaka. Mutanen Gabon ɗin ba su da suna a takardar mallakar. A 2011 Gabon ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin irin wannan ilimi.

Yarjejeniyar ta kyauta. Sai dai ba ita ke zama gaban tsoho mai magani ba, ma'aikacin cibiya ne. Shi zai gane wane bayani aka ba shi don a rubuta, wanne aka ba shi bisa sirri, kamar asirin iboga na addinin Bwiti. Ni ina ganin kafin a saya wa ma'aikacin nan kwamfuta, a koya masa tambayar tsohon ko ya yarda a adana.