Motar da 'yan sanda suka kora, yau ita ake tafa wa

Yau hirar mota za mu yi, kuma tsohuwar mota ce, ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu.

A 1932 kamfanin Ford na Amurka ya fito da mota mai injin silinda takwas, wanda ake kira V8, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kusanta. Injin lita 3.6 ne, ƙarfin doki 65. A cikin samfurin akwai wata 'yar ƙarama da suke kira roadster: mazaunin mutum biyu a gaba, rufin tampol da ake naɗewa, ko gilashin ƙofa babu.

To, bayan 'yan shekaru sai ta zama kwance, ta yi arha. Su wa suka saye ta? Samarin Kalifoniya, yaran gareji, waɗanda ba su da kuɗin sabuwa. Abu na farko, su cire murfin tayoyi don ta rage nauyi. Kabureta ɗaya ce a kan injin, su ɗora biyu ko uku, irin Stromberg 97, don mai da iska su shiga sosai. Su sauya murfin kan inji da na alminiyam. Birkinta na asali da sandunan ƙarfe yake aiki, sai su kwaso birkin mai, wanda Ford bai fara sakawa ba sai 1939. Kun ga ba gudu kaɗai suka yi tunani ba, har da tsayawa.

Ina suke gwada ta? A busassun tafkuna na hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage. Amma gaskiya wasu a kan titin gari suke tsere da daddare, ana asarar rayuka. Jaridu suka ɗauke su 'yan iska, 'yan sanda suna farautarsu.

Nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina. Su da kansu suka haɗa kai. A 1937 ƙungiyoyinsu suka kafa SCTA, suka sa dokoki, ana duba mota kafin ta shiga fili, ana auna gudu da agogo. A 1948 mujallar Hot Rod ta fara fitowa. A 1951 Wally Parks ya kafa NHRA don a kwashe tsere daga titi a kai shi filin da aka tanada. Vic Edelbrock, bakanike ne a Los Angeles, a kan tasa roadster ta 1932 ya gwada kayan da ya ƙera, kuma har yau akwai kamfani da sunansa.

Yanzu idan aka samu irin wannan mota za a farfaɗo da ita, tambaya ta taso: a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko yadda samarin suka mayar da ita? Masu motar Doane Spencer, wadda ya haɗa a shekarun 1940, hanya ta biyu suka bi. Aka gyara ta da kayan wancan zamani, ba a cusa mata injin yau ba. A 1997 ta yi ta ɗaya a rukuninta a Pebble Beach, baje kolin motocin manyan attajirai, a shekarar da aka fara buɗe wa irin waɗannan motoci ƙofa. Abin da aka karrama a wurin, aikin hannun saurayi ne a gareji.

Shi ya sa duk lokacin da na ga samarinmu suna wasan mota a wurin biki, taya na hayaƙi, yara a tsaye a gefe, raina yana ɓaci kashi biyu. Na farko, rai ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya kaɗe ɗan mutane ba shi da uzuri. Na biyu, gwanintar tana nan, fili da doka da mai dubawa ne babu. 'Yan'uwana masu wannan harka, ku zauna ku tsara kanku, ku nemi fili a wajen gari, ku sa bakanike ya duba birki kafin kowa ya tayar da inji. Hukuma ta fi sauraron wanda ya zo mata da tsari a hannu.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu a hanya.