Baiwar Yaro Amana Ce a Wuyan Uwaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, maza da mata, maganarmu ta yau a kan ƴaƴa take. Ku sani babu yaron da Allah ya aiko duniya hannu wofi. Wani an ba shi kaifin ƙwaƙwalwa, wani ƙarfin jiki, wani murya, wani hannun zane ko na saƙa. Aikin uba da uwa shi ne su gano wannan baiwa su raine ta, domin amana ce da za a tambaye su a kanta.

Mu dubi yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake duban yara. A shekara ta 8 bayan hijira, a hanyar dawowa daga Hunaini, wasu samarin Makka suka ji kiran salla, suka shiga kwaikwayonsa suna ba'a. Annabi ya ji wata murya ta fita daban a cikinsu, ya sa aka kawo su, ya gano mai ita. Bai sa an doke shi ba. Sai ya shafi goshinsa, ya koya masa kiran salla kalma bayan kalma, ya naɗa shi ladanin Makka. Wannan shi ne Abu Mahzura, Allah ya yarda da shi. Jama'a, da ɗayanmu ne, bulala zai fara nema ko kunne zai fara kasawa?

Haka ya ga basirar Zaidu ɗan Sabitu tun yana yaro, ya umurce shi da koyon rubutun Yahudawa, ya iya shi cikin kamar rabin wata. Zaidun nan ne Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Ranar Uhudu kuwa an karɓi Rafi'u ɗan Khadiji saboda iya harbin kibiya, aka mayar da Samura ɗan Jundubu saboda ƙuruciya. Samura ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokowa, ya kayar da shi, aka karɓe shi. Bayan yaƙin Badar, wanda aka gwabza ranar 17 ga wannan wata na Ramadan, fursunan da ba shi da dukiyar fansa sai ya koya wa yaran Madina 10 rubutu a sake shi. Ga murya, ga ƙarfi, ga alƙalami, kowanne Annabi ya ba shi matsayinsa.

Ƙasarmu ma ta ga amfanin baiwar da aka raina ta girma. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, ya yi zurfi a ilimin makamashin hasken rana, har jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar lambar azurfa ta taekwondo daga gasar Olamfik ta 2016. Dukansu an taɓa goya su a baya kamar ƴaƴanku.

To, da me muke kashe baiwa a gidajenmu? Na farko, gori. Kullum dubi ɗan wane, dubi ƴar wance, har yaro ya yarda shi ba kowa ba ne, alhali yatsun hannu ma ba su zo daidai ba. Na biyu, ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin da ƴan ajinta suke gaban allo, a sayar da gobenta saboda cefanen yau. Na uku, neman fifiko ta haramtacciyar hanya: a sayi makin jarrabawa, ko a kai yaro wurin boka don ya kayar da abokin kokowarsa. Uban da ya yi haka ya koya wa ɗansa ha'inci da hannunsa, kuma wanda ya jingina nasararsa ga boka ya taɓa tauhidinsa.

Ya kai uba, ka zauna da ɗanka bayan buɗa baki, ka buɗe littafinsa ko da ba ka iya karatun boko ba, domin ganin idonka kaɗai ƙarfi ne a gare shi. Ka taka ka gaida malaminsa na allo da na boko. In ƙwallo yake so ko kokowa, ka bar shi ya yi, amma ka yanka masa lokaci: da an kira magariba wasa ya ƙare. Ya ke uwa, in ƴarki tana da hannun ɗinki ko harshen waƙa, ki nuna mata tsabtatacciyar hanya. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu da waƙa ta karantar da mata addini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai hankali ba ya tanƙwarawa har ya karye.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya albarka cikin abin da ya ba su, ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.